Saura Kati Ɗaya



Duk mai bin layin masu shayi bayan sallar isha'i ya san bencinmu. Mu shida ne in mun cika: tela, ɗan canji, direban da ke jigila tsakanin Ibadan da Legas, malamin lissafi a wata sakandare, mai gyaran waya, sai mai shayin kansa wanda shi ne mai masaukinmu. Ƙaraminmu ya haura shekara talatin da biyar. Shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce farashin shinkafa, da siyasa, da ƙwallo. Da wani ya ce mana wata rana za mu zauna, gemai-gemai da mu, muna gardama a kan hoton kati a cikin waya, da mun ce a kai shi a yi masa addu'a. To ga shi an yi, har abin ya kai mu zauren dattijo ana lissafin kuɗin amana. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuto yadda muka fara, da inda muka yi tuntuɓe, don mun san ba bencinmu kaɗai wannan wasa ya shiga ba.

Abin ya faro ne a watan Janairun 2024, lokacin gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Mai shayi ya kan tayar da ɗan janaretonsa mu kalli wasa, yara kuma su kawo wayoyinsu caji. Cikinsu akwai ɗan yayar tela, wanda kowa ke kira Auta, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, mai ladabi, yana zaman shago a wurin wani Alhaji mai goro. Ana tafiya hutun rabin lokaci sai mu ga ya duƙufa a kan waya, ya ja yatsa a kan gilashin kamar mai yage leda, sai haske ya tashi, sai ya yi tsalle ko ya yi tsaki. Ran nan direba ya kasa haƙuri ya ce, "Kai Auta, wai me kake yagewa ne kullum?"

Ya ce, "Kati ne, Baba. Fakiti ake buɗewa, 'yan ƙwallo biyar ne a ciki. Tarawa ake yi har a cika albam."

"In ka cika sai a ba ka me?"

Yaron ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Sai ka cika mana."

Muka kwashe da dariya. Amma kafin a buga wasan ƙarshe, wanda masu masauki suka doke Najeriya da ci 2 da 1 a Abijan ranar 11 ga Fabrairu, mu shidan nan duk mun sauke manhajar. Ba za mu faɗi sunanta ba, don wannan shafi ba na talla ba ne, kuma irinta suna da yawa, tsarinsu kusan ɗaya.

Gaskiya abin bai zo mana baƙo ba. Da yawanmu mun tuna cingam ɗin nan mai hoto a ciki da muke saye muna yara, mu tofar da cingam ɗin mu adana hoton a gwangwanin madara, mu yi musaya a bayan makarantar allo. A duniya ma tsohuwar sana'a ce. Kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya ya fara sayar da hotunan 'yan ƙwallo a rufaffen ƙunshi tun 1961, kuma ya fitar da albam ɗinsa na farko na gasar kofin duniya a 1970, wadda aka yi a Meziko. A 1993 aka fito da Magic: The Gathering a Amurka, wasan da ake tara kati kuma a kara da su, sannan katunan Pokémon suka fito a Japan a 1996. Abin da waya ta yi kawai shi ne ta ɗauke shagon, da albam ɗin, da abokan musayar, ta zuba su a aljihunka, kuma shagon ba ya rufewa ko da ƙarfe ukun dare. Ko Pokémon ɗin ma sun bi sahu: a ƙarshen Oktoban 2024 suka fitar da nasu na waya, mai ba da fakiti biyu kyauta kowace rana, kati biyar a kowanne.

Daren farko daɗi ne zalla. Kana shiga za a yi maka sha tara ta arziki: fakiti goma, ashirin, kowane kati sabo ne, kowanne yana da gurbinsa a albam. Ka latsa nan a ba ka kyauta, ka rubuta suna a ba ka kyauta, ka gayyato aboki a ƙara maka. Mai shayi, wanda ko siga ba ya ƙarawa mutum sai da dalili, shi ya fara cewa, "Jama'a, banza fa ba ta kai zomo kasuwa." Muka ce ya cika zargi.

A makon farkon nan muka tafka kurakuran da duk sabon shiga ke tafkawa. Direba ya shiga a matsayin baƙo, bai haɗa wasan da imel ɗinsa ba, don yana sauri. Bayan kwana tara wayar ta faɗa kwata a tasha, ya sayi wata, ya tarar babu kati ko ɗaya, sai ya koma farko. Tela kuwa bai gane cewa kuɗin cikin wasan iri biyu ba ne. Akwai tsaba, wadda ake samu a banza ta hanyar shiga kullum da cika 'yan ayyukan da aka ɗora maka. Akwai kuma lu'ulu'u, wanda ake ba ka ɗan kaɗan a farko don ka ɗanɗana, daga nan sai da naira. Shi ya kwashe lu'ulu'unsa kaf ya sayi adon bangon albam, washegari da aka fito da fakiti mai kyau ya zauna yana kallonmu. Ɗan canji, da yake sana'arsa ce, shi ya fara lura da dabarar. Ya ce duk inda aka canza maka kuɗinka zuwa wani abu mai wani suna, to an raba ka da lissafi ne. Ba ka jin zafin kashe lu'ulu'u 300 yadda kake jin zafin zaro dubu biyu daga aljihu. Kuma ƙunshin da ake sayarwa ba ya taɓa yin daidai da farashin fakiti, kullum sai ɗan canji ya ragu wanda ba ya sayen komai sai ka ƙara. Mai gyaran waya shi ma ya kawo nasa ƙorafin: manhajar tana cin wuri, tana shan data duk lokacin da aka sabunta ta, tana kuma zuƙe caji. Mai ƙaramar waya sai ya goge hotunan biki kafin ta zauna.

Da aka shiga mako na uku sai ruwan kyautar ya ɗauke. Ya zama fakiti ɗaya duk bayan awa goma sha biyu, ga agogo nan yana ƙirga maka saura awa kaza da minti kaza, ga maɓalli a gefe yana cewa in ba ka son jira ka biya. Sannan katunan suka fara maimaita kansu. Ka buɗe biyar, huɗu kana da su. Akwai wani mai tsaron gida da tela ya samu sau goma sha ɗaya, har muka ce ya yanka masa ragon suna ya zama ɗan gida.

Nan ne malam ya karɓi biro ya yagi kwalin siga ya yi mana karatu. Ya ce mu ɗauka albam ɗin kati ɗari ne, ƙwaryar goro guda ke nan, kuma kowane kati damar fitowarsa ɗaya da ta ɗan'uwansa. Kafin ka tara hamsin na farko, kati wajen 69 kawai za ka buɗe, shi ya sa farkon ke da daɗi. Kafin ka kai casa'in, ka buɗe wajen 226. Goman ƙarshe su kaɗai za su ci maka wajen 293, wato sun fi casa'in ɗin farko wahala. Na ƙarshe tilo kuwa, a matsakaicin lissafi, sai ka buɗe ɗari kafin ya fito. Jimilla wajen 519 don ka cika gurbi ɗari. Ya ce kuma wannan in an yi adalci ke nan, alhali a wasan an kasa katunan hawa-hawa, na tagulla, na azurfa, na zinariya, kuma na saman da gangan aka ƙaranta su.

Ya ƙara mana da wani labari. A 2018, shekarar da Ahmed Musa ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a Rasha, albam ɗin takarda na Panini gurbi 682 ne. Wani farfesan lissafi a Jami'ar Kadif ta Birtaniya, Paul Harper, ya lissafa cewa mai tarawa shi kaɗai zai sayi hoto sama da 4,800 kafin ya cika, kuɗin ya haura fam 770. Amma in mutum goma suka haɗa kai suna musaya, abin da kowannensu zai kashe bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Malam ya ajiye biro ya ce, "Kun gani ko? Mai tarawa shi kaɗai da aljihunsa yake biya. Masu tarawa tare da haƙuri suke biya."

Wannan magana ita ta buɗe mana babin da ya fi kowanne daɗi. Muka daina ɓoye wa juna waya, muka fara baje maimai ɗinmu a fili. Kuma ai wannan ba sai an koya wa ɗan Sabo ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, da me ta rayu in ban da haɗa mai shanu da mahauci, da haɗa mai goro da fatken Arewa? Kakanninmu sun yi dillanci da lamuni na dukiya mai yawa ba takarda ba sa hannu, sai magana da sanin mutum. Jinin nan ya motsa. Ɗan canji ya zama mai yanke farashi: na azurfa biyu a bakin na zinariya ɗaya, in ba haka ba a tashi. Tela ya zama dillali, shi ya san wa ke neman wa. Har wasu samarin Yarbawa daga Mokola suka fara zuwa bencinmu da wayoyinsu, ana ciniki rabi da Hausa rabi da Yarbanci, ana shan shayi. Da azumi ya kama, bayan tarawi ake baje kolin. Cikin wata biyu albam ɗin yawancinmu ya haura kashi tamanin cikin ɗari, kuma a iya saninmu a lokacin babu wanda ya kashe ko sisi.

Mun ce a iya saninmu.

Ranar 22 ga Mayu, Ademola Lookman ya ci ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na kofin Europa a Dablin, Atalanta ta doke Bayer Leverkusen da ci 3 da nema. Ba a jima ba wasanmu ya fito da wani katinsa na musamman, mai walƙiya, aka ce kwana bakwai kawai zai yi, kuma ba a musayarsa, sai dai ka same shi a fakitin da ake saye da lu'ulu'u. Ku lura da wannan: an toshe ƙofar haƙuri da agogo, an toshe ƙofar musaya da doka, ƙofa ɗaya aka bari a buɗe.

A nan ne laifinmu yake, kuma ba za mu ɓoye ba. Duk tsawon watannin nan mun mayar da Auta sarkin benci. Shi ya koya mana wasan, albam ɗinsa ya fi na kowa cika, in ya iso sai mu ce ga oga ya zo. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai, manya shida suna matsa masa wuri a benci. Da katin Lookman ya fito, wani daga cikin samarin Mokola ya samu a rana ta biyu, ya zo yana nunawa. Mu kuma, da bakinmu, muka juya muka ce, "Auta, yaya haka? An kwace maka sarauta ke nan?" Wasa muke yi. Shi bai ji shi a wasa ba.

Bayan kwana biyar, da hantsi, Alhaji mai goro ya aiko a kira tela, ya ce ya taho da abokan hirarsa in za su samu zuwa. Mu huɗu muka je. Muka tarar da Auta a durƙushe a bakin ƙofar zaure, kansa a ƙasa, ga littafin bashi a buɗe a gaban Alhaji. Ashe an aike shi karɓo kuɗin goro wurin masu sari a Bodija da Oja'ba, naira dubu sittin da biyu, ya kawo dubu arba'in da ɗari biyar. Da farko ya ce wata mata ce ba ta cika ba. Alhaji ya buga mata waya a gabansa.

Da aka matsa sai ya faɗi komai. Ya fara da dubu ɗaya da ɗari biyar, da niyyar zai mayar daga kuɗin makonsa. Bai samu katin ba. Ya ƙara, don a ganinsa wanda ya buɗe ashirin bai samu ba ai ya kusa. Ya ƙara kuma. Da ya ga saura kwana biyu a rufe, sai ya haɗu da wani a wani zauren hira na waya wanda ya ce zai sa masa katin kai tsaye a kan dubu takwas, ya turo kuɗin da lambar da za ta shigo masa a saƙo. Ya tura duka biyun. Cikin minti goma aka fitar da shi daga wasan, aka canza lambar sirri, mutumin ya toshe shi. Kuɗi sun tafi, albam ɗin wata biyar ya tafi.

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ya ce a nuna masa abin da aka saya. Mai gyaran waya ya buɗe nasa ya nuna masa yadda ake yage fakiti. Alhaji ya gyara tabarau ya kalla, ya ce, "To kafin ka biya, ka san abin da ke ciki?"

Aka ce a'a.

Ya ce, "Ni shekarata arba'in a goro. Ko ƙwarya ɗaya zan saya sai an kwance huhu na duba ko da sankara. Ku kuma kun zauna kuna cinikin biri a sama, har kuna koya wa yaro." Ya juya wurin tela. "Kai kawunsa ne. Uwarsa ta kawo shi nan ne don ya koyi amana. Kuɗin nan ba su dame ni ba, na yi asarar da ta fi su. Amma a garin nan in aka ce yaron wane ba ya kawo kuɗi cikakku, wa zai sake ba shi lamuni? Da me zai ci abinci in na mutu?"

Auta ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, wallahi zan biya." Muryarsa na rawa.

Babu wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Ɗan canji, wanda ya fi kowa iya bayanin dabarar lu'ulu'u, ya yi gyaran murya ya ce shi ma fa ya kashe dubu goma sha ɗaya a kan katin nan, bai samu ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Da muka koma benci da dare, direba ya amsa cewa shi ma ya latsa wani gwaji na kyauta na mako biyu, ya manta bai soke ba, wata uku ke nan ana cirar masa kuɗi yana zaton cajin banki ne. Ashe abin da ya raba mu da Auta kawai shi ne mu kuɗinmu muka ƙona, shi kuma na amana ne a hannunsa.

Malam ya sa muka nemo shafin da babu wanda ya taɓa buɗewa a cikinmu, wani ɗan rubutu ƙanana a ƙasan fakitin. Tun ƙarshen 2017 kamfanin Apple ya wajabta wa masu irin waɗannan wasanni su bayyana damar samun kowane abu kafin a saya, Google ma ya bi a 2019. Bayanin yana nan, an dai ajiye shi inda ido ba ya zuwa. Malam ya ce mu ɗauka an rubuta kashi ɗaya cikin ɗari. Mutane suna zaton in ka buɗe ɗari dole ka samu. Ba haka ba ne. In mutum ɗari kowanne ya buɗe fakiti ɗari, wajen 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Fakitin ba ya tuna cewa ka buɗe ashirin jiya. Kowane buɗi sabon lale ne, kuma "na kusa" ɗin nan da ta cinye kuɗin Alhaji a zuciyar Auta kawai take.

Mun kai maganar gaban limamin masallacinmu, ba don neman fatawa a rubuce ba, don dai mu ji. Ya ce shi bai ga aibu a tara hoto da musayarsa ba in bai hana salla ko neman abinci ba. Amma ba da kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba, kana fatan babba ya faɗo, wannan ciniki ne na garari, kuma ƙofarsa da ta caca suna kallon juna. Malam ya ƙara da cewa ba malamanmu kaɗai ke faɗin haka ba: a 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin caca ne a ƙarƙashin dokarsu.

Wani abin da asarar Auta ta koya mana shi ne katin waya ba naka ba ne. Na takarda, in ka adana shi a gwangwani, yana nan har jikokinka. A 2022 an sayar da wani katin ɗan wasan Amurka Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6, kuma irin wannan labari ne ke sa yara su ɗauka tara kati jari ne. Na waya kuwa yana zaune ne a kwamfutar kamfani, aron kallo aka ba ka. In an sace asusunka, ko an rufe wasan, ko yarjejeniyar kamfanin da masu ƙwallo ta ƙare, shi ke nan. Kuma yarjejeniyar tana ƙarewa: Panini ya shekara da shekaru yana yin albam ɗin gasar ƙasashen Turai, amma ta 2024 Topps ne ya karɓe. Yawancin wasannin ma sun haramta sayar da asusu, don haka duk mai ce maka zai saya ko zai sayar maka a bayan fage, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ba mu daina wasan ba, kada mu yi muku ƙarya. Yana da daɗi, ya ƙara mana zumunci, ya sa tela ya san sunayen 'yan wasan Maroko da Japan. Amma yanzu in wani ya zo benci ya ce a sa masa, akwai abin da muke gaya masa kafin ya yage fakitin farko. Ya haɗa wasan da imel ɗinsa tun ranar farko, da lambar sirrin da ba ranar haihuwarsa ba. Ya shiga saitin wayarsa ya sa kada a sayi komai sai an nemi lambar sirri, in kuma wayar tana shiga hannun yara, ya cire katin banki daga cikinta gaba ɗaya. Kada ya taɓa lu'ulu'un kyauta sai ya yi mako biyu ya gane me ke da daraja. Ya zaɓi albam ɗaya ya bi, kada ya rarraba ƙarfinsa. Ya nemo shafin nan na ƙananan rubutu ya karanta. Duk abin da aka ce gwaji ne na kyauta, ya tambayi ranar da zai fara cin kuɗi. Ya kashe ƙararrawar manhajar, don fakitin ba ya rubewa in ya jira har bayan asuba. Lambar da ta shigo masa a saƙo kuwa, ko wanda ya turo ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne, kada ya ba shi. Sannan ya nemi abokan musaya waɗanda ya san ƙofar gidansu.

Mun kuma yi wa kanmu doka biyu. Katin da ba a samunsa sai da kuɗi, ba a nuna shi a bencinmu, ba a kuma yi wa kowa kirari a kansa. Ta biyu, ba a tsokanar yaro a kan abin da ba shi da shi. Iyaye, mu da ku ne a nan. Yaranmu ba sa ɓoye wasan, a gabanmu suke yi, mu ne ba ma tambaya. Ku zauna kusa da su ku ce su nuna muku, ku tambaye su wanne ne na kyauta wanne ne na kuɗi. Za ku sha mamakin yadda za su yi muku bayani da murna, kuma daga nan za ku gane ko akwai abin da ke cin su a rai.

Game da kuɗin Alhaji, mu shida muka haɗa rabi, don da bakinmu aka yi ɓarnar. Alhaji ya karɓa, amma ya ce sauran rabin dole Auta ya biya da guminsa, dubu ɗaya duk Juma'a. Ya kuma daina aikensa karɓar kuɗi, ya mayar da shi yayyafa wa goro ruwa da sauya ganye. Wannan ya fi komai yi wa yaron ciwo, don duk layin sun lura. Sai bayan Babbar Salla da wata biyu, ran nan muna zaune, muka ga ya wuce da littafin bashi a hammata ya nufi tashar Bodija. Tela bai ce komai ba, ya dai sa mai shayi ya ƙara wa kowa ƙwai.

Auta ya sake buɗe sabon asusu daga baya, da izinin kawunsa, a wayar da babu katin banki. Kowannenmu ya tura masa maimai ɗinsa, har da mai tsaron gidan nan na tela. Albam ɗin malam ne ya fi na kowa cika yanzu, saura masa kati ɗaya, wani ɗan bayan Koriya ta Kudu. Ya ce bisa lissafinsa zai iya fitowa gobe, zai iya kaiwa azumi mai zuwa, kuma ko kwabo ba zai biya ba. In akwai mai shi sau biyu a unguwar nan, bencinmu yana nan bayan isha'i, shayinsa a wuyanmu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana amanarmu.